Rabon Ɗan Kyalla

A wani daji da ke bakin hamada, dabbobi ba su da abin taƙama sai cuku. Cukun kuwa daga saniya ɗaya yake fitowa, wata ja mai suna Kyalla. Madararta kauri gare ta. Ƙwarya ɗaya tata ta fi uku na sauran shanu.

Irin su Kyalla ba sa sakin nono sai ɗan maraƙi ya fara sa baki. Haka Biri yake tatsa kullum: maraƙi ya tsotsa, a janye shi, a tatsi kan nono uku, a bar masa ɗaya.

Da masu neman cuku suka yi yawa, Giwa, sarauniyar dajin, ta tara majalisa. Dila ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, kan nono huɗu ne, muna tatsar uku. Na huɗun wa ke sha? Wanda bai taɓa zuwa taro ba."

Aka yi dariya, aka amince. Maraƙi ya sa baki kawai, a janye shi.

Bayan kwana tara Kyalla ta zo gaban majalisa.

"Ranki ya daɗe, ɗana ba ya iya tashi. Yau sai da na tura shi da hanci. Ban ce a bar cuku ba. A mayar masa da ɗayan nan."

Tsoho Kunkuru ya ce, "In ya mutu, nono ya tsaya. Sau biyu na ga haka."

Wuri ya yi tsit. Kyalla ta ɗauka tausayi ne.

Kura ta gyara zama. "Baba Kunkuru, kwantar da hankalinka. Makiyaya sun daɗe da maganin wannan. A cire fatar maraƙin, a cusa mata ciyawa, a tsayar gaban uwa. Ta lasa, nono ya zubo. Shi kuma wannan ko ɗigo ba ya sha."

Hankalin 'yan majalisa ya kwanta.

Giwa ta ce, "Haba Kura! A gaban uwarsa? Ba wanda ya ji wannan magana. Inna Kyalla, koma gida. Mun ji kukanki. Za mu zauna a kansa bayan kasuwa biyu."

Kyalla ta koma da gudu. Ta tarar ɗanta yana numfashi, da ƙyar. Ta tsaya a kansa tana lasa, tana waige.

Da la'asar Kura ta wuce ta bakin turke da damin ciyawa a kai, ta yi wa Kyalla sannu da jiki.

Kura dai ba ta cin ciyawa.