Tumatirin Saman Kabad

"Sannu da hanya, amaryata. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ina tumatirina?"

A nan gaisuwarta da jikanta ta tsaya. Ƙanwata ce ta dawo daga jinya, ni na rako ta. Kafin ta tafi ta shuka irin tumatir a kiret ɗin ƙwai, ta ajiye a bakin tagar ɗakinta, ta bar wa jikanta Tela amanar ban ruwa. Irin ba na kasuwa ba ne. Ragowar na marigayi mijinta ne da ke cikin ƙullin tsumma, kuma duka ta zuba. Na samu kujera na zauna.

Tela ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da kiret ɗin. Tsiron sun yi tsawo, sirara, fari fat, rabi sun kwanta.

"Innalillahi! Mene ne wannan? Zaren ɗinkinka ka shuka mini?"

"Mage na ɓoye wa, tsohuwa. Godiya za ki yi."

"A cikin duhu? Kai da aka haife ka, saman kabad muka ɗora ka?"

"Da kun ɗora ni, da na fi haka tsawo. Dube su, dogaye masu kunya, sun sunkuyar da kai suna gaishe ki."

"Suma suka yi, shashasha! Rana suke nema har wuyansu ya karye. Na ce kullum ka juya kiret ɗin kada su karkace, ka ji?"

"Ina juyawa. Duk bangon ɗakin nan babu wanda ba su gani ba."

"Na sake ka! Tattara almakashinka ka bar mini gida."

"Mace ke sakin miji? To wa zai kwashe ki, ba haƙori ba gashi?"

"Kakanka ya kwasa, kuma ya fi ka komai. Shi ko tsinke ya soka a ƙasa sai ya yi ganye."

Ta taɓa tsiro ɗaya da ɗan yatsa, ya faɗi bai tashi ba. Ta kawar da kai. Ni ma na duƙa ina gyara takalmina, ko da yake babu abin da ya same shi.

Tela ya fita. Shagonsa na jikin gidan, bai daɗe ba ya dawo rungume da gwangwanin madara. A ciki ga tsiro gajeru, kore shar, masu kaurin jiki.

Ta murza ganye ɗaya ta shinshina. "Ina ka samo?"

"Ranar da kike shuka, wasu suka maƙale a tsumman. Na ga tsohuwa ba ta gani sosai, sai na taimaka. A tagar shago suka girma."

"Ɓarawo! Gadon mijina ka sata?"

"Ai ni ne mijin yanzu. Kawo abina in mayar."

Ta rungume gwangwanin a ƙirji. "Taɓa ka gani."

"To ya maganar saki?"

Dariya ta ƙwace mata, ta goge ido da gefen mayafi.

"Na mai da kai. Na farkon da ya nuna naka ne. Amma ɗauke wancan kiret ɗin ka kai taga, ko Allah zai sa su yafe maka."