Rasuwar Takalmin Dama, Mai Riƙon Ƙwaryar Birkin Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da baƙin mai, Bakaniken bakin gangare, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Takalmin Ƙafar Dama na 'yarsa Cinnaka. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a bakin kwatar da ke ƙarshen gangare, marigayin yana tsaka da aiki.

Marigayin ya shigo gidan ne a kwali tare da ɗan'uwansa na hagu, ja mai farar igiya, kuma don zuwa makaranta aka saye shi. Bai taɓa neman muƙami ba. Ƙaddara ce ta ɗora masa, ranar da Bakanike ya turo wani ɗan babur na yara daga gareji, ya gyara, ya fesa masa fenti, ya ce na Cinnaka ne. Mamanta ta ce ba da yawunta ba. Bakanike ya ce abin da ko akuya za ta tsere masa, ga birki gaba ga birki baya, me kuma ya rage?

Ashe da saura. Birkin baya na takawa ne, ita kuwa Cinnaka sunanta ya bi ta: in dunduniyarta na kan matakin ƙafa, yatsunta ba sa kaiwa ga birkin. Na gaba kuma sau ɗaya ta damƙe shi da ƙarfi ya watsar da ita a ƙasa, daga ranar suka raba gari. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ƙwace babur. Sai ta koyi zamewa gefe ta sauke ƙafar dama tana jan ƙasa, marigayin kuma ya karɓi aikin ba takarda ba albashi.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Ya sha tsakuwa, ya sha kwalta mai zafi, bai taɓa kai ƙara ba. Maganarsa ɗaya ce, ƙurrrr, kuma unguwa ta san ta. Da an ji ƙurrrr mai shago zai janye bencinsa, kaji su watse. Bakanike ma yana ji daga ƙarƙashin mota, ya yi murmushi, a zatonsa tayar baya ce take cizon ƙasa.

Ciwon ajali ya fara ne da ramewar tafi. An kai shi wurin mai gyaran takalma, aka yi masa faci, bai jima ba aka sake mayar da shi. Mai gyaran ya juya na hagu, ya ga kamar jiya aka saya, ya tambaya ko yarinyar da ƙafa ɗaya take tafiya. Bakanike ya yi dariya ya ce yaran yanzu ko ƙarfe ka sa musu sai sun cinye. A makon ne ma ya kwance birkin bayan babur ɗin, ya tarar da shi fes ko gogewa babu, ya zagaya gareji yana nuna wa abokan aiki irin kayan da ya iya zaɓa. Ana zaton wuta a maƙera, ita kuwa tana can masaƙa tana ci.

Ranar Asabar Bakanike yana tsaye a ƙofar gareji, sifana a hannu, Cinnaka ta wuce shi ta gangara. Karon farko ke nan da ya kalle ta ta baya. Ya ga jiki ya zame, ya ga ƙafa ta sauka. Marigayin ya ce ƙurrrr kamar kullum, sai ya ce fat, fat, fat, tafinsa ya rabu da shi, daga nan bai ƙara cewa komai ba. Babur ya tsaya tayar gaba tana leƙen kwata. Safa ta yage, babban yatsa ya saluɓe. Bakanike bai san lokacin da ya iso ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta ɗaga kai ta ce, "Baba, kar ka gaya wa Mama."

Ba sai ya gaya mata ba, jini ya riga shi. Mamanta ta wanke yatsan, ta ɗaure, ta zare makullin babur ta jefa a jakarta. Ta ce sai ta ga abin nan ya tsaya da idonta, ƙafafun 'yarta biyu suna sama, in ba haka ba a nemi mai saye.

Tun ranar Bakanike bai zauna ba. A tsaye yake cin abinci, ya ajiye cokali ya koma gareji. Ya ɗaura hannun birki a kan babur ta hagu, inda manyan babura ke da kuloci, ya ja waya ta bi jikin ƙarfe har ta kama birkin baya. Hannun ya yi wa yatsun Cinnaka nisa, ya kwance ya lanƙwasa. Ya yi tauri, ya ɗiga mai. Ya yi laushi, ya ƙara ɗaurewa. Yanzu da ƙaramin yatsansa kaɗai yake gwadawa, in ya ji nauyi ya sake warwarewa. A tsakar gida yana tura ta a kan babur inji a kashe, tana matsa hannun birki taya na kamawa cak. Amma duk da haka ƙafar dama sai ta sauko da kanta tana neman ƙasa. Wannan ne ya hana shi sukuni. Waya da mai ya san kansu, sabo kuwa ba ya jin sifana, kuma tsoro yake ji, ba ya ɓoyewa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa na hagu, wanda bai taɓa aikin wahala ba amma yau ritaya ta same shi. Da farar igiya. Da safa guda da ke jinya. Ya bar birkin ƙafa, mai muƙamin na asali, da bai taɓa zuwa aiki ba. Ya kuma bar magajinsa, sabon hannun birki, wanda ake fatan zai yi koyi da riƙon amanarsa.

Gawa tana kan bencin gareji ga masu son ganawar ƙarshe. Gobe da hantsi za a ɗaure ta a bayan babur, Cinnaka ce za ta rako ta daga kan gangare zuwa bakin kwata, inda aka haƙa masa makwanci. Mamanta ta yarda ta fito da makulli don wannan tafiya ɗaya, kuma za ta tsaya inda take ganin ƙafa. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya gefen hanya, kada kowa ya yi ihun "taka birki", don kalmar ce ta kashe marigayin. In babur ya tsaya ƙafa na sama, a binne shi a watse. Kada a nemi Bakanike a sahun masu karɓar gaisuwa. Yana can ƙasa tsakanin babur da kwata, hannuwa a buɗe, daidai inda takalmin ya saba tare masa 'yarsa.