Teburin Sinuka a Zauren Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da yinin da aka kai ni gidan miji ba, ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu a Gidan Rumji ba za su bari ba. Teburin sinuka ne ya ja mini, kuma da hannuna na zaɓe shi, babu wanda ya aike ni.

Lawali, wanda zan aura, ba ya shan taba, ba ya neman faɗa. Ciwonsa ɗaya ne, sinuka. Da ya rufe shagonsa na gyaran waya sai rumfar bakin tasha, shi da 'yan fadarsu, a yi ta zungurar ƙwallaye da sanda kamar ana biyansu. Ko zance ya zo, rabin hankalinsa yana can. Na ce ni ba zan yi auren gadin ƙofa ba. Sai dabara ta faɗo mini (irin dabarar da ke zo wa wadda ta yi lakol har kolej, ta ɗauka kanta ya fi na kowa): tunda sinuka ke fitar da shi, a kawo sinukar gida. A sa tebur cikin kayan ɗakina.

Da na faɗa wa Innata, sai ta ce, "Ɗiyan mutane na neman gado da kwanoni, ke teburin caca?"

"Ba caca ba ce, Inna, wasa ne."

"Allah shi shirya."

Na sayar da tumakin da nake kiwo, na ja ƙawata Ramatu muka tafi Maradi. A shagon akwai ƙarami na katako, marar nauyi, ƙafafunsa ana kwancewa. Akwai kuma babba mai dutse a ƙarƙashin ƙyallen, kore shar, ƙafafu kamar turame. Ramatu ta ce mu ɗauki ƙaramin mu tafi, rana na yi. Mai shagon ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai na yara ne, Madam. Ke da ganinki ba ki saba da ƙaramin abu ba." Na gangara ƙwallo a kan ƙaramin, ta yi ta yawo kamar akuyar da ta ɓata. Na gangara a kan babban, ta tafi sak. Shi ke nan, na ce a ɗaure.

Ban taɓa shiga gidan su Lawali ba. Wace budurwa ce za ta je leƙen gidan surukai? Na dai tambaye shi ko falon sashenmu babba ne, ya ce babba ne. Zancen zaure bai ko zo mini ba. Gidan kuwa tsohon gida ne, zauren ƙasa, kakan Lawali ya gina shi, ƙofar ciki a kaikaice take da ta waje don kada mai wucewa ya hango mata.

An yi jere babu tebur, direban da zai kawo shi ya yi ta gobe, gobe. Sai ranar kai amarya ya ga damar isowa, gab da mu. Bayan la'asar aka sauke ni daga mota, an lulluɓe ni da mayafi mai kauri, Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, tana riƙe da hannuna tana raɗa mini: shiga da ƙafar dama, kai a ƙasa, kada ki ce uffan sai an sayi baki. (Kowa ya sani, amarya ba ta magana sai abokan ango sun saya a hannun ƙawayenta. Su Ramatu sun daɗe suna shirin tatsar su.)

Sai muka tsaya cak. Teburin ya shiga zaure, an karkata shi za a bi ƙofar ciki, ya cije. Ba gaba, ba baya. Maza sun haɗa gumi, kowa na ba da umarni. Mai guɗa ta yi har muryarta ta dushe ta haƙura. Ni kuma ina tsaye cikin rana, zufa na bin bayana, lalle na ƙaiƙayi, takalmi na cizo. Wani ya ce a fasa bango. Wata murya ta ce bangon nan ba mai taɓa shi. Sai na ji an ce, "A kawo zarto, a rage mai ƙafafu."

Na ɗaga bakin mayafi. Wani tsoho ya ba ni baya, cikin 'yar shara duk ƙura, ya durƙusa ya ɗora zarto a kan ƙafar teburina. Tumakina! Ban san sa'ad da na yaye mayafin ba.

"Kai tsoho! Ajiye zarton nan! Kai ka saya? Ku kuma ƙarti, ba ku da idanu? Ku ja shi baya mana!"

Tsohon ya juyo a hankali. Gwaggo Hajo ta matse mini hannu kamar za ta karya, ta ce, "Innalillahi. Baban Lawali ne hwa." (A yi mini adalci: sau ɗaya na taɓa gaishe shi, kaina a ƙasa. Takalmansa na sani, ba ƙeyarsa ba.)

Ya ajiye zarton, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "To, jandarma ta iso. Ku bi umarni."

Aka fashe da dariya har matan da ke leƙe ta katanga. Na mayar da mayafi, amma mayafin me kuma? Tebur bai motsa ba, magariba na matsowa, dole amarya ta shiga. Da rarrafe na shiga gidan mijina, ta ƙarƙashin tebur, Gwaggo na bina a baya tana nishi tana cewa gwiwar dama, gwiwar dama.

Da abokan ango suka zo sayen baki, babban abokinsa ya ce, "Wane bakin? Wanda duk unguwa ta ji kyauta?" Ramatu har yau in ta tuna sai ta yi tsaki.

Washegari aka samu aka daidaita teburin a tsakiyar zaure, nan ya zauna, da ƙafafunsa cif. Lawali ya daina zuwa bakin tasha, wannan gaskiya ne. Bakin tashar ne ya dawo zaurenmu. Daga ɗakina ina jin ƙas, ƙas, da ihun 'yan fada, ana aikowa a ba da garwashin shayi, a ƙara ruwan sanyi. Baban Lawali ma ya koya, an ce hannunsa ya fi na ɗansa. In zan fita unguwa sai na raɓa ta gefen bango ina durƙusa wa surukina, shi ko ya ɗaga sanda ya ce, "A buɗa hanya, Jandarma za ta wuce."

Na so miji a gida, na samu, har da gyara. In wata ta tambaye ni shawara yanzu, cewa nake: ki ɗauki ƙaramin. In kuma kin ƙi, to ranar da aka lulluɓe ki, ko gidan za a yanka da zarto, ki bar su su yanka.