Shingen da aka ɗaura da sukuru

Ko na so in manta, matan gidanmu ba za su bari ba, don haka ba zan taɓa mantawa da makon da Baban Hamdiya ya yi mana shinge a bayan ɗakinmu ba.

Haya muke a wani gidan yawa a unguwar Mamobi da ke Ankara. Ɗakinmu ne na ƙarshe, a bayansa akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, daga nan sai kwata. Wanda ya san kwatocin unguwarmu ya san abin da nake nufi. Tun da 'yarmu Hamdiya ta fara rarrafe ban sake girki da hankalina a jikina ba, ina juya miya ina waige. Na dami babanta har ya gaji, ran nan ya dawo daga garejin da yake aiki a Kotobabi da katako a kafaɗa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne shirun. Ni dai na san in ana aikin katako, har maƙwabta sai sun ji. Wannan kuwa ba guduma, ba ƙusa. Sai bayan azahar ya lallaɓo daga gareji, ya durƙusa yana murza sukuru a hankali. In katako ya ɗan yi ƙara, sai ya tsaya ya waiga.

Na ce, "Ƙusa ta ƙare ne a kasuwa?"

"Wannan ya fi," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

(Mijina in ya amsa da sauri haka, akwai sauran magana a ƙasa.)

Washegari Anti Memuna, mai koko a ƙofar gida, ta zo aron rariya. Ta shafa katakon, ta kai ido kusa.

"Sukuru ne wannan? 'Yar uwa, tashi za ku yi?"

Na ce wace irin tashi.

"To, ni dai da aka ba mu notis a Nima, haka maigidana ya gyara mana kicin. Don ranar tafiya a kwance a tafi da shi."

Ta karɓi rariyar ta fita. Daga nan komai ya zama shaida. Hajiya mai gidan ta amsa gaisuwata a taƙaice. Ɗanta ya tsaya yana kallon rufin ɗakinmu. Baban Hamdiya kuma, na lura, ya daina bi ta ƙofar Hajiya in yana ɗauke da katako, sai ya zagayo ta lungu. Na gama lissafina: an sallame mu, yana ɓoye mini don kar hankalina ya tashi. Neman ɗaki a Ankara da goyo a baya, wa zai so? Ban tambaye shi ba. (Ina ganin ai na riga na san amsar, me zan tambaya?)

Ranar Juma'a na goya Hamdiya, na sa babban mayafi, na tarar da Hajiya a baranda, matan gida kewaye da ita. Na zube.

"Hajiya, in mun yi laifi a yafe mana. Wallahi ba mu da inda za mu."

Ta sauke carbi. "Wa ya ce ku tashi?"

"Ba wanda ya ce. Amma tun da na ga ya yi shingen da sukuru na gane."

"Wane shinge?"

Sai a lokacin na tuna dokar gidan: ko igiyar shanya ba a ɗaurawa sai an gaya wa Hajiya. Na kuma tuna bayan azahar ne take barci.

Hajiya da ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta zagayawa ta bayan ɗakunan ta miƙe da sandarta, gida duka ya bi ta, ni a ƙarshe. Muka iske Baban Hamdiya a durƙushe, sukuru biyu a bakinsa.

"Razak, gini kake mini a gida kamar ɓera?"

Ya tofar da su. "Hajiya, don yarinyar ne. Cewa na yi in ba ki so, sai in kwance."

Ta girgiza shingen. Ta leƙa kwatar, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta dubi Hamdiya.

"Kwancewa kam za ka yi. Cire waɗannan ka buga ƙusa, manya. Abin da ya tsaya a gidana ba ya bin kowa tashi. Kuma ina so in ji gudumar daga ɗakina."

Ya ce to. Sannan ya tambaya wa ya gaya mata. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Har magariba yana bugu, kuma ni na san ƙusoshin nan ba su buƙaci irin wannan ƙarfin ba. Yanzu Hamdiya tana riƙe shingen Hajiya tana koyon tafiya, ni ma ina girki da natsuwa.

Har yau ina nan kan bakana cewa namijin da ke aiki shiru akwai abin da yake ɓoyewa. Sai dai na koyi cewa kafin in je roƙo, in fara gano daga wa yake ɓoyewar.