Rasuwar Mausim, Lakabin Mastura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe ƙamas, Mastura Abdulmajid ta unguwar Sharafiyya a Jidda take sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar lakabinta, Mausim, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara uku.

Ga wanda bai san marigayin ba: Mastura ce ta rubuta manhajar da ke gaya wa direbobin kamfaninsu su wa za su ɗauko cikin masu umra, kuma a ina. Duk sabon zubin manhajar da ta kammala sai ta ɗora shi a ma'ajiyar manhajoji ta intanet, ta ba shi lambar shekarar Hijira, yadda kakarta ke lissafin haihuwar jikoki: 1443, 1444, 1445. Wanda ta gwada ta yarda da shi, shi take liƙa wa lakabin Mausim, shi kuma wayoyin direbobi ke saukewa.

Marigayin mai amana ne. Bai taɓa haɗa direba da ɗanyen aiki ba. Ba shi da surutu, in zubi ya sauka lafiya ya ce "ƙit", shi ke nan.

Jinya ta fara ne ranar da sabon mudir, wato shugaban ofishinsu, Yazan, ya ɗora nasa zubin ba tare da gwaji ba, ya sa masa 2024, wai haka duniya ke yi. Ya kuma gindaya doka cewa lakabi ya riƙa bin lamba mafi girma da kansa. Da sabuwar shekara ta kama Mastura ta fitar da 1446, sai na'ura ta dube shi ta ce tsoho ne tukuf, wai 2024 ya fi shi sabunta da shekara ɗari biyar da saba'in da takwas. Jama'a, ina aka taɓa yin haka! Lambar da ta hau ma'ajiya kuwa ba a iya cire ta. Haka aka ɗaure Mausim a jikin aikin da bai sani ba.

Ranar Litinin waya ta tura Muntaka direba bakin wani otal a Abhur, can gaɓar teku, alhali tsofaffi arba'in daga Maraɗi suna tsaye a filin jirgi cikin harami, awa huɗu cur. Washegari Yazan ya goge lakabin da yatsa ɗaya. Ya kuma kawo wa Mastura takarda ta sa hannu cewa lissafinta na Hijira ne ya jawo abin, in dai tana son kujerarta.

Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Tana son aikinta, tana kuma jin kunyar tsofaffin nan har yanzu. Amma ba za ta ɗora wa mamaci laifin mai rai ba, halas, magana ta ƙare.

Marigayin ya bar zubi huɗu, ƙaraminsu ko saukewa ba a taɓa yi ba, da direbobi goma sha ɗaya, da Zubaidatu mai amsa waya, wadda ta sha zagin da ba nata ba.

Za a yi zaman ta'aziyya ranar Alhamis bayan La'asar a gidan yayarta da ke Bab Makka. Babu salla, don ba mutum ba ne. Babu likkafani, don ba a bar mata gawa ba. Akwai gahawa da dabino, kuma a kan takardar da Yazan ya kawo mata za a jera kofuna. Ana gayyatar Yazan. In an tashi ya karɓi abarsa, babu sa hannu, haɗe da katinta na shiga ofis.