Tunkiyar Hansai Ta Ci Duman Rafi

"Salamu alaikum. Tsohuwar matata na nan, ko na zo shan gumba?"

"Alaikumus salam. Gumbar wa? Ni zan sha taka."

Muryar ce ba ta yi wa Mudassir daɗi ba. Daga Gaya ya taso zuwa Toranke, don kakarsa Hansai ta aika cewa tunkiyarta ba lafiya. Ya same ta zaune a turke, kan tunkiyar a cinyarta. Dabbar sai karkarwa take, yawu na dalala.

"Me kika ba ta? Tuwonki?"

"Tuwona ya raini ubanka, marar kunya. Duman rafi ta ci. Ko'ina ya bushe, shi kaɗai ne kore a fadama. Ta tsinke igiya, kwana da kwanaki tana zuwa ban sani ba."

"Kin ga dalilin da zan sake ki. Tunkiya guda kin kasa tsarewa."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka da wannan ƙeyar?"

Ya tsuguna ya ɗaga tunkiyar, ƙafafunta suka lanƙwashe ta zube. Ya koma gefe ya kira likitan dabbobi a waya. Da ya dawo, ya kasa kallon Hansai. Tunkiyar nan da ɗanta kaɗai suka rage mata cikin tumakin da kakansa ya bari.

"Me ya ce?"

"Ya ce in ta kai haka, da wuya."

"To ɗauko wuƙa kafin ta yi mushe."

"Ba zan iya ba, Kaka."

"Yau kuma Kaka na zama? Miji har miji, wuƙa ta gagare shi?"

Ya ɗauko. Ta shige ɗaki ta saki labule, har ya gama. Can bayan rumbu ɗan tunkiyar ya fara kuka, ya ƙi yin shiru.

Hansai ta fito tana goge ido da gefen zane, ta sunkuce shi ta danƙa wa Mudassir.

"Tafi da shi. Ba zan iya jin kukan nan ba."

"Alhamdulillahi. Duk tsufanki, yau kin ba ni ɗa."

"Ai ko da kai ya yi kama. Dubi kunnuwan."

Ya shafa nasa kunnen. Dariya ta kuɓuce masa, idonsa na cike da ƙwalla.

"Na sallama, uwargida."