Muryar Labaran Ba Ta Kai Matakin Ihu Ba

Jiya da azahar rumbun maƙwabcina Labaran ya ƙone ƙurmus a Ɗansoshiya, kuma kada wanda ya ga laifin manya. Laifin muryarsa ne, ba ta kai matakin da za a ji ta ba.

Labaran ke riƙe da oba-obar garinmu, wadda ake kiran motar kashe gobara da ita. Manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, sun kafa dogayen ƙarafa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, duk suna watsa magana ɗaya a lokaci guda. Sai dai in kana wajen Kwanar Dangora, maganar takan zo maka ta ko'ina, wannan na taka wancan, kamar ana wa'azi a cikin rijiya. Shi ya sa aka kawo wata na'ura mai daidaita murya da kanta. Ta ɗaga mai rauni, ta rage mai ƙarfi, kowa ya fito tas.

Nan aka yi ɓarna. Ranar gwaji, Mai Girma Uban Sa-Hannu, babban manyan namu, ya yi gyaran murya, sai ya ji ta fito daidai da ta masinjansa. Amsa-kuwwar da ya saba ji tana rako shi har Doguwa ta ɓace.

"Wannan na'ura ba ta da tarbiyya," in ji shi.

Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ci kaji, ya wanke hannu, ya yanke cewa na'ura ta ci gaba da daidaitawa, amma bisa matakin aiki. Oba-obar Mai Girma aka mayar mata da amsa-kuwwarta. Ta Labaran, wanda babu kowa a ƙasansa sai tabarma, aka bar mata murya irin ta sauro a tulu.

To, jiya wuta ta kama rumbun, dawar shekara guda na ciki, ita ce abincin gidan har kaka mai zuwa. Labaran ya danna ya kwarma ihu: "Gobara a Ɗansoshiya! Oba!"

Daga Kiru aka amsa cikin natsuwa: "Wa ke wasa da layi? Oba."

Matarsa Turai ta ce, "Malam, don Allah ajiye abin nan ka ɗauki bokiti!"

"In ajiye a ce na bar bakin aiki?"

Na ce masa, "Kawo nan, ai ni na yi tallan kananzir." Na yi ihu har idona ya kawo ruwa. Shiru. Muka taru mu duka, maza da mata har da Sale mai kiran salla, muka kafa kai a kan oba-obar nan. Na'ura kuwa, don tsabar iya aiki, iya ƙarfin ihunmu iya ragewarta. Ta mai da gari guda matakin Labaran. Kafin mu koma kan bokiti, jinka ta rufta. Wallahi ban iya kallon fuskar Turai ba.

Amma a faɗi gaskiya, manya ba su manta da mu ba. Yau da hantsi, Turai na tone toka ko za ta tsinci abin tuwo, sai oba-oba ta ɗauka. Mai Girma ne da kansa yake jaje, murya cike da ƙasaita, kowace kalma na dawowa daga Bebeji har Doguwa. Ya kuma gargaɗi talakawa su riƙa sanar da gobara da wuri.

Labaran ya durƙusa ya danna ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ita ma godiyar ba a ji ta ba. Ina fargabar a kore shi don rashin ladabi.